Da gaske kafur da magunguna na jawo wa jariri shawara?

"Assalamu alaikum Likita. Daga Kumo nake rubuto miki. Ƙanwata ta haifi ɗa namiji watan jiya, lafiya lau aka sallame su. Kwana huɗu da haihuwa idonsa ya koma ruwan ɗorawa, ya rage kama nono. Muka kai shi Gombe, aka kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila kwana biyar, har sai da aka ɗaga taron suna. Likitan da ya duba shi ya tambaye mu ko muna sa kafur a akwatin kayan jariri, muka ce e, ya ce mai yiwuwa shi ne sila. Surukar ƙanwata ta ce wannan zancen 'yan boko ne, ita 'ya'ya tara ta haifa, duk da kafur ta adana kayansu, babu wanda ya yi shawara. Ni ma yanzu cikina wata takwas, kuma a wurin awo suna ba ni Fansidar, wata maƙwabciya ta ce shi ma yana kawo shawara. Wanne zan kama?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Barkanku da arziki, Allah ya raya yaron, ke kuma Allah ya sauke ki lafiya. In na fahimce ki, kina son sanin ko abin da jariri ya shaƙa, ko aka shafa masa, ko uwarsa ta sha, zai iya mayar da shi ruwan ɗorawa, kuma in haka ne me ya sa 'ya'yan Hajiya tara suka tsira. Likitan bai yi kuskure ba da ya tambayi kafur. Hajiya ma abin da idonta ya gani ta faɗa. Akwai abin da ya haɗa maganganun biyu, amma sai mun ɗan koma baya kafin ya fito fili.

Daga ina launin yake zuwa?

Jajayen ƙwayoyin jini suna da wa'adi. Na babba kan yi kwana 120 kafin su mutu, na jariri kwana 70 zuwa 90 kawai, ga shi ana haihuwarsa da su da yawa fiye da yadda zai buƙata a duniya. Duk ƙwayar da ta mutu tana barin wani datti mai launin rawaya da muke kira bilirubin. Aikin hanta ne ta sarrafa shi, ta tura shi hanji ya fita da kashi. Hantar jariri kuwa sabon shiga ce a aikin, sai datti ya fi ƙarfinta na 'yan kwanaki. Shi ya sa kusan shida cikin goma na jariran da suka cika wata tara, da kusan takwas cikin goma na bakwaini, kan ɗan yi rawaya a makon farko. Irin wannan tana fitowa a rana ta biyu ko ta uku, ta kai ƙololuwa wajen ta huɗu ko ta biyar, ta washe kafin mako biyu, yaro na shan nononsa.

Wadda muke tsoro ita ce wadda bilirubin ya hau da gudu har ya tsallaka ƙwaƙwalwa. Ido kan fara ganin launin idan awon bilirubin a jini ya kai wajen miligiram 5 a kowace desilita. In ya haura 20 a jaririn da jininsa ke farfashewa, mun shiga wurin da ba ma barci. Abubuwan da kan kai shi can suna da dama: rashin jituwar jinin uwa da na ɗa, kamar uwa mai rukunin O ta haifi mai A ko B, ko matsalar Rhesus, wato uwa mai jini negetif ta haifi mai fozitif, ƙwayar cuta ta shiga jini, sau da yawa ta cibiya ko ta wurin da wanzami ya cire beli, zuwa kafin lokaci, rashin samun isasshen nono. Sai kuma wanda tambayarki ta tsaya a kai.

Gadon da ba a gani da ido

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari da ake kira G6PD. Shi ne garkuwarsu daga abubuwan da ke ƙona su. Mutane fiye da miliyan 400 a duniya an haife su da ƙarancinsa, kuma ya fi yawa a wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya daɗe, domin yana ɗan ba mai shi kariya daga zazzaɓin. A Najeriya, kusan ɗaya cikin maza biyar ko shida yana da shi. Mutum zai yi rayuwarsa, ya yi noma, ya yi aure, ya tsufa bai san yana da shi ba. Sai ranar da jininsa ya haɗu da abin da bai da garkuwarsa, ƙwayoyin su farfashe da yawa lokaci guda. Babba zai ga fitsarinsa ya yi duhu kamar baƙin shayi, jikinsa ya mutu, hantarsa ta kwashe dattin a hankali. Ɗan kwana uku ba shi da wannan hantar.

To ga inda maganar Hajiya ta shigo, kuma ina roƙon ki isar da ita cikin ladabi. Wannan gado yana tafiya ne a kan ƙwayar halittar da ake kira X. Mace tana da X biyu, namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya. Ɗa namiji daga uwarsa yake karɓar X ɗinsa, abin da uba ke ba shi Y ne. Ke nan in yaron ƙanwarki yana da ƙarancin G6PD, ta wajen uwarsa ya samo, bai biyo ta wajen ubansa ba ko kaɗan. 'Ya'yan Hajiya tara za su iya kwana cikin kafur su tashi garau, jikanta kuma ya kwanta, domin a wannan gaɓar jininsa ba nata ba ne. Ko da auren zumunci ne, ta hannun uwar dai abin zai bi.

Wannan lissafi ya shafe ki kai tsaye, in uwarku ɗaya ubanku ɗaya. In daga mahaifinku ƙanwarki ta ɗauko, duk 'ya'yansa mata suna ɗauke da shi, har ke. In daga mahaifiyarku ne, rabi da rabi ne. Macen da ke ɗauke da shi kuma, kowane ɗa namiji da za ta haifa rabi da rabi ne. 'Ya'ya mata ma yana kama su, sai dai bai kai na maza yawa ba. Saboda haka tambayarki ta zo a kan lokaci, tun kafin a haɗa kayan haihuwa.

Kafur, man zafi da lalle

Fararen ƙwallayen nan da ake sayarwa a leda, muna jefa su a akwati da durowa saboda kyankyasai da asu, yawancinsu sinadarin naftalin ne. Kin lura yadda suke ƙanƙancewa har su ɓace ba tare da sun narke sun zama ruwa ba? Iska suke bi, su shige zaren tufafi. Mai ciki kuwa tun wata shida take tara kayan jariri, ta wanke, ta goge, ta jera a akwati, ta zuba kafur ta rufe. Ranar haihuwa a fito da riga da hula da safa da shawul da suka yi wata uku suna sha, a naɗe yaro ciki har fuska, a ɗaki mai rufaffiyar taga. Yana shaƙa ta hanci, fatarsa mai laushi tana tsotsa. Naftalin yana narkewa a mai, don haka man da muke mulke jariri da shi bayan wanka ƙara buɗe masa hanya yake. Akwai masu jiƙa kafur a ruwa su ɗura wa jariri wai don ciwon ciki, wannan kam guba ce ko ga mai cikakkiyar garkuwa. An kuma samu masu cikin da kwaɗayin ciki ya sa suna tsotsar ƙwallon, ya ratsa mabiyiya ya taɓa ɗan tun yana ciki. Tarayyar Turai ta hana sayar da irin wannan ƙwallo tun 2008.

A ɗakin jarirai hancina kan riga bakina yin tambaya. Akwai wani yaro da aka kawo mana daga wani ƙauye ta wajen Dukku, washegarin suna. Kafin a kwance zanen goyo warin kafur ya cika wurin. Tafin ƙafarsa ya yi ɗorawa, yana wani kuka mai tsini, yana sanƙarewa yana banƙara baya. Uwar ta ce tun kwana uku ta ga idon, aka ce ta bari a yi suna tukuna, ga baƙi, ga rago an saya. Kafin nan an ba shi ruwan gulukos, an ɗiga masa Ampiclox, an shanya shi a hantsi. Mun canja masa jini a daren, ya rayu. Da suka dawo yana da shekara ɗaya, wuyansa bai tsaya ba, kuma ko an tafa hannu a bayansa ba ya waiwaye. A gida an ce iska ce ta taɓa shi. Ban ga laifin uwar ba, yarinya ce da ba ta da ta cewa a gidan. Amma kwanakin nan da aka jira su ne tsakanin fitila da abin da ya same shi. Ku da kuka ɗaga suna kuka tafi Gombe, kun yi abin da ya dace.

Na biyu shi ne mentol, wato abin da ke sa man zafi da hodar zafi sanyin nan mai ratsa hanci. Ana shafa wa jariri a ƙirji saboda mura, ana cusa shi a cibiya wai ta yi saurin faɗuwa. Tun 1980 likitocin yara a Legas, ciki har da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti wanda daga baya ya zama ministan lafiya, suka nuna cewa jarirai masu ƙarancin G6PD da aka sa wa hoda mai mentol a cibiya sun fi yin shawara mai tsanani. Cibiya ba ta buƙatar man zafi, ko man goge baki, ko gashi da tsumma. Akwai man kulohezidin da ake bayarwa a asibiti, shi kaɗai ya isa.

Lalle ma yana da sinadarin da ya yi kama da naftalin wajen ƙona ƙwayar jini. A ƙasashen Larabawa, inda wasu ke shafe jikin sabon jariri da shi, an sha kwantar da yara saboda haka. Abin da aka gani shi ne shafa shi a jikin jaririn kansa. Ba na hana mai jego ƙunshin suna, amma kada a ce bari a ɗan ɗiga wa jaririya a tafin hannu ko a goshi don kwalliya. Haka waken nan na gwangwani da ake kira ful, wanda alhazai suka saba ci a Saudiyya, mai shayarwar da ɗanta ke da wannan gado ta bar shi. Wakenmu na ƙosai da alala ba ya ciki.

Magunguna

Magani yana jawo matsala ta hanya biyu. Wasu farfasa ƙwayoyin jinin suke, kamar kafur: nitrofurantoin da ake ba wa masu ciwon mafitsara, primaquine, dapsone, da wasu daga dangin salfa, wato dangin su Septrin. Wasu kuma ba sa ƙara yawan bilirubin, sakin sa suke. A cikin jini bilirubin yana maƙale ne da wani furotin mai suna albumin, kamar fasinja a mota, kuma muddin yana zaune ba ya shiga ƙwaƙwalwa. Sai maganin ya zo ya ƙwace kujerar. An gano wannan da tsada. A 1956 likita William Silverman da abokan aikinsa a New York suka bayyana cewa bakwainin da aka ba wani maganin salfa don kare su daga ƙwayar cuta sun fi mutuwa, kuma aka tarar bilirubin ya rina ƙwaƙwalwarsu. Shi ya sa ba a ba ɗanyen jariri Septrin ko Fansidar. Allurar ceftriaxone, wadda yanzu kowane kemis ke da ita, ita ma haka take ture bilirubin, don haka ba ma yi wa jariri mai shawara ita, akwai 'yar'uwarta da muke amfani da ita a madadinta. In wani ya ce zai yi wa ɗan kwana biyar allura a shago, ki ɗauke ɗanki.

Allurar naƙuda, wato oksitosin, tana ɗan ƙara yiwuwar shawara idan an yi ta da yawa. A hannun ungozomar asibiti amfaninta ya fi wannan nesa ba kusa ba. Wadda ake yi a gida don a gaggauta haihuwa kuwa, shawara ce mafi ƙanƙantar haɗarinta. Allurar bitamin K da ake yi wa jariri a cinya ranar haihuwa, kada ki ƙi ta. Wani tsohon nau'i ne da ake bayarwa da yawa a shekarun 1950 ya farfasa jini, wanda ake yi yanzu daban ne, kuma yana hana zubar jinin da kan kashe jarirai. Jiƙe-jiƙe da saiwoyi da ake ɗura wa jariri, ko mai jego ta sha, matsalata da su ita ce babu mai iya gaya mini abin da ke ciki da yawansa, hanta kuwa ita ke karɓar komai.

Yanzu Fansidar ɗinki. Maƙwabciyarki ta ji ƙamshin gaskiya, domin akwai salfa a ciki, amma hukuncin da ta yanke bai yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba mai ciki shi daga wata na huɗu, da tazarar aƙalla wata guda, har zuwa haihuwa, kuma ba a ga ƙwaya ukun nan na wata-wata suna lalata ƙwaƙwalwar jarirai ba. Zazzaɓin cizon sauro a ciki kuwa yana shanye jinin uwa, ya ƙanƙantar da ɗa, ya kawo haihuwar bakwaini, bakwaini kuma shi ne na gaba-gaba wajen shawara. Ki ci gaba da sha. Abin da za ki ƙara shi ne ki gaya wa malamar awo labarin ɗan ƙanwarki, a rubuta a katinki, domin in ciwon mafitsara ya kama ki dab da haihuwa ko kina shayarwa a zaɓa miki abin da ba nitrofurantoin ba. In kika sha wani magani kika ga fitsarinki ya yi baƙi, ki tsaya ki koma asibiti ranar.

Kafin haihuwa da makon farko

Yau ɗin nan ki buɗe akwatin. Ki zubar da kafur daga ɗakin gaba ɗaya, har wanda ke bayan gado da banɗaki. Kayan da suka sha shi, wanki ɗaya ba ya fitar da shi, domin ba ya narkewa sosai a ruwa. Ki wanke da sabulu, ki shanya a rana da iska kwanaki, ki sake wankewa, har sai kin kai hanci ba ki ji komai ba. Wanda ya ƙi, musamman shawul mai kauri da bargo, ki ajiye shi gefe. Kayan barka da za a kawo miki ma ki shinshina kafin su taɓa jikinsa, har zanen kakar da za ta goya shi.

Bayan haihuwa ki sa shi a nono cikin awa na farko, ki ba shi dakashin nan da wasu ke matsewa su zubar, ki shayar sau takwas zuwa goma sha biyu a yini da dare. Yawan kashi ne ke fitar da bilirubin. Kullum da safe ki fito da shi bakin ƙofa inda hasken rana yake, domin ɗakin mai jego duhu gare shi, kuma a baƙar fata launin ɓuya yake. Ki duba farin ido da dasashi, ki danna goshi ko kan hanci da yatsa ki saki, ki ga launin da ya bari. Shawara daga kai take farawa ta gangara. In ta fito a cikin awa 24 na farko, ko ta sauka ciki da cinya, ko yaro ya yi lakwas ya ƙi nono, ko kukansa ya canja, ko jiki ya yi zafi, ba a kwana. In ta kai tafin hannu da na ƙafa, ko dare ne a nemi mota. Da tarihin gidanku, ni ko a ido kaɗai kika gani zan so a auna jinin a ranar. Daga Kumo zuwa Gombe bai kai tafiyar awa guda ba, kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya yana da sashen jarirai.

Ruwan gulukos da Ampiclox da ruwan ɗanyar gwanda ba sa sauke bilirubin, gulukos ma cika cikin yake ya rage shan nono. Zancen rana kuwa yana da tushe. Wata ma'aikaciyar jinya a Ingila, Jean Ward, ita ta lura a 1956 cewa fatar bakwainin da ta fitar rana ta washe ban da inda zane ya rufe, daga nan aka ƙirƙiro fitilar a 1958. Shuɗin haske yana sauya bilirubin ya zama abin da jiki ke fitarwa ba sai ya jira hanta ba. Amma fitila tana aiki ne a kan tsirarar fata awa bayan awa, an rufe ido, ana auna jini. Minti ashirin a hantsi ba ya kama ƙafar wannan, ranar Gombe kuma in ta take sai ta ƙona shi ta busar da ruwan jikinsa. A Legas an gwada rumfa mai wata leda ta musamman da ke tace zafin rana, aka wallafa sakamakon a 2015, ya yi kyau, amma a harabar asibiti aka yi, ma'aikata na auna zafin jikin yaran a kai a kai.

Wata shawarar daban ce: wadda ta wuce mako biyu, kashi ya yi fari-fari, fitsari na rina zane. Wannan ta hanta ce ko hanyar matsarmama, fitila ba ta yi mata, kuma tana son a gan ta da wuri.

Ban ga ɗan ƙanwarki ba, ban ga takardunsa ba, don haka ba zan rantse cewa kafur ne ya kwantar da shi ba. Jarirai masu ƙarancin G6PD da yawa suna yin shawara mai ƙarfi ko babu kafur a gidan, kuma rukunin jini ko ƙwayar cuta na iya zama sila. Ku tambayi likitansa ko an yi gwajin G6PD. In an yi lokacin da yake kwance aka ce lafiya lau, a maimaita bayan wata uku, domin a lokacin da jini ke farfashewa, ko bayan ƙarin jini, gwajin kan nuna lafiya alhali akwai matsalar. In ya tabbata, a rubuta a katinsa na rigakafi, a nuna wa duk wanda zai rubuta masa magani har ya girma. A kuma nemi a gwada jinsa, ƙanwarki ta lura ko yana firgita da ƙarar ƙofa, ko wuyansa ya tsaya wajen wata huɗu. Ke kuma ranar da kika je haihuwa, ki faɗa wa ungozoma tun kafin a sallame ku, ki nemi a duba jaririn a rana ta biyu ko ta uku ko da ba ki ga komai ba.